Makarantar da ba ta yarda yaro ya ɓace ba

Ni Bamagujiya ce, an haife ni a wani gidan gona a kudancin Katsina, tsakanin Malumfashi da Kafur. Wanda ya san yankin ya san irin zamanmu: gida ɗaya ƙato a tsakiyar gonaki, kaka da 'ya'yansa da jikokinsa duk a ciki, rumbuna a jere, sai ka yi tafiya mai ɗan nisa kafin ka tarar da wani gidan. A nan na tashi ina kiwon awakin Inna, ina tsinto mata itacen dafa giya, da kaka kuma a tafi da ni tsinkar auduga. Yau ni malamar firamare ce. Duk sanda wani ya tambaye ni inda na koyi aikin, nakan ce takarda dai a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina na karɓo ta, amma aikin kansa a wata 'yar ƙaramar makarantar Katolika na gan shi da idona, tun ban san shi zan yi ba.

A 1994 aka sa ni, ina da wajen shekara takwas. Katikis, wato mai koyar da addini a coci, shi ne ya yi ta sintiri a keke yana roƙon iyaye su ba da yara. Baba ba ya zuwa coci, shi mutumin gargajiya ne, yana da kan gidansa da yake yi wa yanka, kuma maganarsa kullum ita ce boko ba ya cika rumbu. Yayyena maza ya ce ko ɗaya ba zai bayar ba, gona na jiransu. Da katikis ya matsa, sai ya nuna ni ya ce, "To ga wannan, ku je da ita." Na daɗe da sanin cewa ni aka bayar don ni ce wadda rashinta ba zai rage dami ba. Inna ce ta kwance bakin zane ta biya kuɗin ɗinkin kayan makaranta.

Makarantar ba ta da wani fasali da za a nuna wa baƙo. Ajujuwa huɗu ne na jar ƙasa da rufin kwano, aji na biyar a cikin coci ake yi bayan an juya bencuna, na shida kuma a gindin darbejiya, in ruwa ya taso su ma su ruga coci. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshe. Mu duka ba mu fi ɗari da 'yan kai ba, malamai biyar, sai Sista da ke shugabanta. Tana cikin sistocin Dominikan masu fararen kaya, waɗanda babban gidansu ke Gusau, 'yar kudancin Kaduna ce, kuma kullum a babur take zuwa, gefen rigarta ya yi ja da ƙura. Manya sun ba mu labari cewa Fadojin farko da suka shigo ƙasar Sakkwato da Katsina 'yan Amurka ne na wannan ƙungiya, tun a shekarun 1950, kuma makarantun mishan na da gwamnati ta karɓe su a shekarun 1970. Tamu daga baya aka gina ta, da karo-karon 'yan coci: wannan ya kawo azara, wancan ya buga tubali, mata suka ɗebo ruwa.

Abin da ya fi komai nauyi a makarantar nan shi ne rajista. Kowace safiya Malam zai buɗe ta ya kira suna, kai kuma ka miƙe ka ce, "Ga ni." In aka kira suna aka ji shiru, ba ya wucewa zuwa na gaba. Zai ɗago kai ya ce, "Wa ya fito daga wajensu?" Sai an sami wanda ya ce ya gan shi jiya a rijiya, ko ya ji ana cewa zazzaɓi yake yi. Kwana ɗaya, a aika maƙwabcinsa da gaisuwa. Kwana biyu, Malam ya hau keke.

Ni ma an hau mini keken, ina aji biyu, da daminar 1995. Ruwa ya zauna, ciyawa ta taso wa dawa, Baba ya ce duk mai hannu a gidan ya fito. Kwana biyu ban je makaranta ba. A rana ta uku da la'asar muna duƙe a gona sai na hango Malam yana turo kekensa ta kan iyaka, don hanyar ta yi laka. Gabana ya faɗi. Na ɗauka faɗa zai yi, Baba kuma ba mutumin da ake ɗaga wa murya ba ne a gonarsa. Malam ya jingine keke a jikin ɗorawa, ya cire takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya ce, "Sannunku da aiki, Baba. A ba ni fartanya." Ya kama kunya ɗaya kusa da ta Baba, suka yi ta tafiya tare, ba wanda ya ce uffan, har suka fita ƙarshen gona. Suka juyo suka kama wata. Sai da suka gama ta uku, Inna ta kawo fura, sannan ya buɗe baki.

"Baba, yarinyar nan ta fara haɗa baƙi. Makon jiya ta karanta layi guda ita kaɗai. In ta yi mako biyu a gida, abin zai zube, kamar shukar da aka bari ba noma."

Baba ya ce, "Malam, in ta tafi wa zai cire mini ciyawar?"

"Ka ba ni ita da safe, in dawo maka da ita kafin azahar. Ran Asabar kuma zan zo maka da manyan yara."

Ya kuwa zo da su. 'Yan aji biyar da shida, sun kai ashirin, suka yi wa Baba gayya, kafin rana ta take sun share gonar. Daga baya na gane ba mu kaɗai ake yi wa haka ba. Duk gidan da aiki ya fi ƙarfinsa har aka riƙe yaro, ko gidan da mai gida ya kwanta ciwo, can gayyar Asabar za ta nufa. Tun daga ranar Baba bai sake hana ni zuwa ba. Yakan ce wa 'yan'uwansa a wurin shan giya, malamin nan ya iya riƙon fartanya, ba ɗan iska ba ne. A wurinsa babu yabon da ya wuce wannan.

Karatun kansa da Hausa aka fara mana shi. Sista ta kafe a kan cewa sai yaro ya iya karanta harshen da yake mafarki da shi kafin a ɗora masa wani. Wasu iyayen sun yi ƙorafi, suna so su ji 'ya'yansu na Turanci tun aji ɗaya kamar na birni, amma ba ta saurare su ba. Aji ɗaya da biyu muna rubuta kaza da tulu da rumbu, muna ba da tatsuniya Malam na rubuta ta a allo da bakinmu, sannan mu karanta abin da muka faɗa. Ranar da na ga maganar da ta fito daga bakina ta zauna a allo, kowa na karanta ta, wani abu ya buɗe a kaina wanda bai sake rufewa ba. Turanci ya shigo sosai a aji uku, kuma bai ba mu wuya yadda ake tsoro ba, don mun riga mun san yadda baƙi da wasali ke aiki.

Lissafi da 'ya'yan tsamiya muka koye shi. Kowa na da 'yar jakarsa ta tsumma cike da su, da karan dawa da aka yayyanka aka ɗaure goma-goma. In aka zo kan awo, sai a fita gonar makaranta, mu auna tsawonta da igiya, mu ƙirga kunya, mu lissafa tiya nawa ta iri za ta ci. Da kaka mu auna gyaɗar da aka samu, a sayar, mu lissafa kuɗin a allo, da shi ake sayen alli. Ina aji huɗu na fara bin Baba wurin sayar da auduga ina duba masa abin da sikeli ya nuna da abin da aka rubuta a takarda. Ran da na ce wa mai awo, cikin rawar murya, lissafin bai cika ba, ya sake bugawa ya ga haka ne ya cika, Baba bai ce mini komai ba a wurin. A hanyar gida ya tsaya ya saya mini tsire.

Akwai kuma tsarin yaya da ƙani. Duk ɗan aji ɗaya da ya shigo, za a damƙa shi a hannun wani ɗan aji biyar ko shida. Shi zai duba ko ya wanke ido, ya raka shi bayan gida, ya zauna da shi minti kaɗan bayan tashi ya ji karatunsa. In ƙaninka ya kasa, kai ake tambaya. Ba a kuma karanta wanda ya zo na ƙarshe a gaban taro. Katin sakamako gefe biyu gare shi, ɗaya na maki, ɗaya na hali, kuma Sista da hannunta take rubuta na halin, layi biyu ko uku a kan kowane yaro, da Hausa, don a iya karanta wa iyaye. Sai da na fara koyarwa na san irin wahalar da ke cikin rubuta gaskiya a kan yara fiye da ɗari, kowa da tasa.

Bulala akwai ta, ba zan ɓoye ba, zamanin ke nan. Amma a ofishin Sista take, malami ba ya yawo da ita, kuma na san laifin da ya isa a yi mini ita aka ƙi. Ina aji uku na ɗauki naira biyar a kan teburin Malam. Daga gidanmu zuwa makaranta tafiya ce mai nisa, ranar kuma ban sa komai a cikina ba, ga mai ƙuli-ƙuli a bakin shinge. Wata yarinya ta gan ni. Aka kai ni ofis ina kuka tun kafin a tambaye ni. Sista ta bar ni na gama, sannan ta ce, "'Yata, kin karya kumallo yau?" Na girgiza kai. "Jiya fa?" Na yi shiru. Ta tashi ta ɗauko burodin da ta zo da shi ta ba ni, ta jira na cinye. Sai ta ce, "Yunwa gaskiya ce, sata kuma sata ce. Ɗaya ba ta wanke ɗaya. Za ki je ki gaya wa Malam da bakinki, za ki kuma biya." Na yi mako guda ina ba dashen itatuwa ruwa bayan tashi, a bakin kuɗin. Tsayawa gaban Malam in ce ni na ɗauka ya fi mini bulala goma zafi. Shi kuwa ya ce, "Na yafe miki, je ki zauna," bai kuma sake tayar da maganar ba har na gama makarantar. Bayan mako biyu matan zumunta suka fara dama koko a babbar tukunya don yaran da ke zuwa daga nesa, kowane gida na kawo tiyar gero in ya samu.

Da bazarar 1996 sanƙarau ya shigo. Waɗanda suka rayu a arewa a shekarar ba sa bukatar a tuna musu. Zafi ya yi zafi, sai ka ji yaro ya kwana da ciwon kai, kafin wata safiyar wuya ya sanƙare. An rufe makaranta, aka mai da harabarta wurin allurar rigakafi, malamanmu ne ke bi gida-gida suna kiran mutane su fito. Ƙanena, mai bi mini, ya kamu. A bayan babur ɗin Sista aka kai shi asibiti, Inna na rungume da shi. Ya tashi, amma kunnuwansa sun tafi. Yaron da ya fi kowa surutu a gidanmu ya koma zama a bayan rumbu shi kaɗai, in an taɓa shi ya yi faɗa.

Kowa a gida ya ɗauka maganar makaranta ta ƙare a kansa. Da shekara ta zagayo sai ga Sista da kanta, ta zauna a tabarma ta gaida Baba, ta ce ta zo rubuta sunan yaron. Baba ya ce, "Ranki ya daɗe, ba ya ji fa." Ta ce, "Yana gani, Baba. Hannunsa kuma lafiya lau." Babu malami ko ɗaya a cikinsu da ya koyi koyar da kurame, sun faɗi haka da bakinsu. Abin da suka yi shi ne, suka ajiye shi a benci na gaba, malamar aji ɗaya ta daina magana tana fuskantar allo, duk abin da za ta faɗa sai ta juyo ya ga bakinta. Ta yi ta zana hotuna a kwali tana rubuta sunansu a ƙasa. Ni aka ba shi a matsayin yayarsa ta makaranta duk da ban kai aji biyar ba. 'Yan ajinsu suka ƙirƙiro alamu da hannu, na ruwa, na littafi, na tashi, har abin ya bazu, ka ga yara masu ji suna yi wa juna daga nesa. Da safe in an zo kan sunansa a rajista, malamar takan ɗaga hannu ta dube shi, shi kuma ya miƙe ya dafa ƙirji. Ba a taɓa tsallake shi ba. Yau tela ne a Funtuwa, da matarsa da 'ya'ya uku, yana rubuta awon mutane a littafi, yana ciniki da su ta saƙon waya.

Mutane sukan tambaye ni batun addini, musamman abokan aikina Musulmi, ko ana tilasta wa yara. Abin da na gani zan faɗa. Makarantar Katolika ce ba a ɓoye ba, akwai gicciye a kowane aji, da safe muna yin addu'ar Ubanmu da ta gaida Maryamu, Fada na zuwa yin Mas. Amma kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran Musulmi ne, 'ya'yan mutanen gari da na Fulanin da ke zaune kusa, wasu kuma irina daga gidajen gargajiya. Lokacin addu'a Musulmi na tsayawa shiru, lokacin katikizim kuma su tafi gindin bishiya da malaminmu na lissafi, wanda Musulmi ne, ya yi musu nasu. Ran Juma'a da wuri ake tashi. Da azumi Sista ta hana mu cin abu a gaban masu yi, a bayan coci ake shan koko. A 1998 da 1999 Kirsimeti ya faɗo cikin watan azumi, na tuna Inna ta ajiye shinkafar ƙawata a kwano, sai da rana ta faɗi na kai mata. Ni da kaina na nemi baftisma ina aji biyar, kuma Fada ya ƙi yi sai da Baba ya zo ya ce ya yarda. Baba har ya koma ga Mahaliccinsa bai shiga coci ba, hakan bai hana Fada da malamai zuwa zaman makokinsa ba.

A watan Fabrairun 2000 rikicin Kaduna ya ɓarke. Muna jin labari a rediyo, sai kuma waɗanda suka tsero suka fara isowa da abin da suka gani. Garinmu ba a taɓa kowa ba, amma tsoro ya shiga. Ran Litinin ɗin da ta biyo baya rabin makaranta ba su zo ba, Kirista na tsoron hanya, Musulmi na tsoron harabar coci. Aka kira rajista, shiru ya yi yawa. Sista ta raba malamai, ta haɗa malamin lissafi da katikis a tafiya ɗaya, suka bi gidaje tare, su yi sallama tare, su zauna a tabarma ɗaya. Ta je wurin mai gari da limamin gari ita da Fada. Kafin ƙarshen mako benci ya cika. A shekarar muka zana jarrabawar shiga sakandare, mu goma sha huɗu, ni da ƙawata muka kwana a ɗaki ɗaya a Malumfashi a gidan wata 'yar'uwar babanta. Kuɗin sakandarena na shekarar farko matan zumunta ne suka haɗa shi.

Yankinmu ya canja. Tun abin da ya faru a Ƙanƙara a Disamban 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a dare ɗaya, babu uwar da ke tura ɗa makaranta da kwanciyar rai. A Mayun 2022 har gidan Fada aka shiga a Gidan Mai Kambu aka tafi da Fadoji biyu. Gidan gonarmu yanzu kango ne, kowa ya matso gari. Malamin da ya yi noma da Baba ya rasu, Sista ta tsufa an mai da ita Gusau. A Disamban 2023 na je Katsina ranar da aka keɓe Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, ya zama bishop na farko na sabuwar diyosis ɗin Katsina, wato yankin cocin Katolika da ke ƙarƙashin bishop. Na tsaya cikin taron ina jin ana waƙa da Hausa irin ta gidanmu, ina ta tuna bencunan da muke juyawa a coci, hawaye na zuba ban damu in share ba.

Inda nake koyarwa yanzu, yara tamanin da bakwai ne a ajina, ni kaɗai. Kiran rajista na cin lokaci, an sha ce mini in ƙirga kai kawai in rubuta adadi. Ba na iyawa. A zangon da ya wuce wata yarinya da iyayenta suka gudo daga ƙauye ta yi kwana biyu ba ta amsa ba. Na tambaya wa ya fito daga wajensu, wani yaro ya ce ya gan ta a tasha da farantin dafaffiyar gyaɗa. Da aka tashi na hau acaɓa ya kai ni unguwar, na yi ta tambaya har aka nuna mini wani shago da ba a gama gininsa ba, an rataya buhu a ƙofa. Uwar na zaune a ƙasa tana ɓarar gyaɗa a tire, jariri a bayanta. Ta gan ni ta fara ba da haƙuri tun ban zauna ba. Na cire takalmi, na ja zanena na zauna kusa da ita, na ce, "Sannu da aiki, Maman yara. Matso mini da tiren."